Yohanna Bosko (1815–1888): Malamin Da Ya Ajiye Bulala

A ranar 31 ga watan Janairu ta kowace shekara, makarantun Katolika a ƙasashe masu yawa sukan tuna da wani firist mutumin Italiya mai suna Yohanna Bosko. A ƙasarsu Don Bosko ake ce masa, gama a can Don ake sa wa firist a gaban suna, kamar yadda mukan ce Fada. Bai taɓa zama bishop ba, ba a kuma lissafta shi cikin shaihunan tauhidi. Yara ne suka sa sunansa bai ɓace ba: marayu, 'yan cirani, yaran magina da waɗanda suka fito daga kurkuku. Shekara 46 ya yi a tsakiyarsu, har dubbai daga cikinsu suka tashi da tsoron Allah da sana'ar hannu.

Abin da ya sa tarihinsa ya cancanci a karanta shi a kowane gidan Kirista shi ne hanyar da ya bi. Dukanmu mun yarda cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Inda ake samun saɓani shi ne da me za a tanƙwara shi. Yawancin iyaye da malaman zamaninsa sun dogara ga sanda. Shi kuwa ya gaskata akwai abin da ya fi sanda ƙarfi, ya kuma ba da dukan kwanakinsa domin ya nuna haka.

Maraya a gidan manoma

An haifi Yohanna a ranar 16 ga Agusta, 1815, a wani ƙaramin ƙauye mai suna Bekki, gabas da birnin Turin a arewacin Italiya. Mahaifinsa manomi ne talaka. Ya rasu a 1817 da ciwon huhu, Yohanna bai cika shekara biyu ba. Ya bar matarsa Margareta da 'ya'ya maza uku da tsohuwar surukarta, a lokacin da yunwa ta addabi yankin.

Margareta ba ta iya karatu ko rubutu ba, amma ta haddace koyarwar bangaskiya, ita ce kuwa makarantar farko da Yohanna ya shiga. Ta koya wa 'ya'yanta addu'ar safe da ta dare, ta sa a zukatansu cewa Allah yana ganinsu ko a inda idon uwa bai kai ba. Duk da rashin da suke ciki, mai bara ba ya barin ƙofarta da yunwa. Mace ce mai tsare gida, ba ta ƙyale laifi ya wuce ba magana, amma 'ya'yanta ba su taɓa shakkar ƙaunarta ba.

Yana ɗan shekara tara ya yi wani mafarki da bai manta ba har mutuwarsa. Ya ga kansa a wani fili cike da yara suna faɗa suna zage-zage, sai ya afka musu da naushi domin ya sa su yi shiru. Wani mutum mai kwarjini ya tsai da shi, ya faɗa masa cewa da tawali'u da ƙauna zai jawo su, duka ba zai kai shi ko'ina ba. Daga nan ya ga namomin jeji suna rikiɗa suna zama 'yan raguna. Da safe ya ba da labarin a gida, 'yan'uwansa suka yi masa dariya, uwarsa kuwa ta yi tunanin ko wata rana zai zama firist.

Tun a lokacin ya fara tara yara. Yakan je kasuwa ya zuba wa masu wasan dabo da masu tafiya a kan igiya ido, ya komo gida ya yi ta gwadawa yana faɗuwa har ya iya. Ranar Lahadi da yamma sai ya ɗaura igiya tsakanin itatuwa biyu. Kuɗin kallo shi ne a yi addu'a tare, a kuma saurare shi ya maimaita wa'azin da aka yi da safe.

Ilimi da gumin goshi

Hanyar makaranta ba ta zo masa da sauƙi ba. Babban wansa Antoniyo, wanda suke uba ɗaya, yana ganin littafi ɓata lokaci ne ga ɗan manomi. Rigima ta yi tsanani har Margareta ta tura Yohanna ya yi barantaka a gonar wasu mutane, yana da shekara 12 ko ƙasa da haka. A 1829 wani tsohon firist mai suna Kalosso ya lura da kaifin ƙwaƙwalwarsa, ya soma koya masa Latin, amma bayan shekara guda ya rasu.

A 1831 ya tafi garin Kiyeri neman ilimi. Domin ya biya kuɗin makaranta da na abinci, ya taɓa ɗinki, ya taɓa ƙira da kafinta, ya yi aiki a gidan shan kofi inda yake kwana a wani lungu ƙarƙashin matakala. Bai san cewa kowace sana'a da talauci ya tilasta masa koya za ta yi masa rana ba. Wani abu kuma ya tsaya masa a rai tun yana ƙarami: yakan gai da firistoci a hanya, su amsa da mutunci su wuce, ba mai tsayawa ya yi hira da yaro. Ya ƙudura cewa in Allah ya kai shi matsayinsu, shi zai tsaya. Ya shiga makarantar horon firistoci a 1835, aka naɗa shi firist a Turin a ranar 5 ga Yuni, 1841.

Abin da ya gani a kurkuku

A waɗannan shekaru Turin tana bunƙasa, yara kuwa suna kwararowa daga ƙauyuka neman aikin gini da share bututun hayaƙi. Ba iyaye, ba makaranta, ba wurin kwana na kirki. Wanda bai sami aiki ba yakan faɗa sata. Malaminsa, Fada Yusufu Kafasso, ya riƙa tafiya da shi kurkukun birnin, a can ya ga samari 'yan shekara 12 zuwa 18, lafiyayyu masu basira, suna zaune cikin ƙwarƙwata ba aikin yi. Abin da ya fi ɗaga masa hankali shi ne, da yawa sukan fita da niyyar gyara halinsu, amma ba a jimawa sai a sake dawo da su. Ya gane cewa hukunci bai canza su ba, kuma abin da suka rasa a waje shi ne babban mutum guda da zai kula da su.

A ranar 8 ga Disamba, 1841, kamar yadda ya rubuta da kansa, yana shirin sujadar Mas a majami'ar Waliyyi Faransis na Asisi sai ya ji hayaniya. Mai kula da majami'ar ne yake korar wani saurayi da duka, don bai iya taimakon firist a bagade ba. Don Bosko ya tsawata masa, ya sa aka kirawo yaron, ya ce abokinsa ne. Sunansa Bartalomi Garelli, maraya ɗan shekara 16, yaron magina, bai iya karatu ba, yana kuma jin kunyar zama ajin koyon addini tare da ƙananan yara. Suka yi addu'a tare, ya fara koya masa yadda ake yin alamar gicciye. Ba a daɗe ba Bartalomi ya dawo da abokansa. Wannan taro na ranar Lahadi shi aka kira Oratori, wato wurin addu'a, ko da yake wasa da waƙa da koyon karatu duk suna ciki.

Rumfar Valdoko

Da yaran suka kai ɗaruruwa, sai wuri ya zama matsala. Duk inda suka sauka, maƙwabta su yi ƙarar surutu a tashe su: daga harabar wata maƙabarta zuwa wajen injinan niƙa, daga ɗakunan haya zuwa wani fili da babu ko rumfa. Hukumar birni ta ɗauki taron abin hatsari, wasu firistoci kuwa suka fara cewa ya taɓu. Wata attajira mai taimakon mabukata, wadda yake aiki a asibitinta na 'yan mata, ta ba shi zaɓi tsakanin albashinta da yaran titi. Ya zaɓi yaran, ya rasa albashi da ɗakin kwana.

A ranar Ista, 12 ga Afrilu, 1846, suka sami wata doguwar rumfa a unguwar Valdoko, suka mai da ita ɗakin sujada. Bayan wata uku ciwo ya kwantar da shi har aka fid da rai. Yaran magina da ba su da komai suka yi ta azumi da addu'a dominsa. Da ya tashi, ya ɗauka cewa su ne suka roƙo masa rai, ya yi alkawari sauran kwanakinsa nasu ne.

A watan Nuwamba na shekarar ya komo Turin a ƙafa tare da mahaifiyarsa, tana da shekara 58. Ta bar jikokinta da kwanciyar hankalin ƙauye, ta zama uwar marayu har ta rasu a 1856. Wani dare a watan Mayu na 1847 ana ruwa, wani yaro ya ƙwanƙwasa ƙofa a jiƙe. Margareta ta ba shi abinci, ta yi masa shimfiɗa kusa da murhu, ta yi masa 'yar nasiha kafin ya kwanta. Daga nan gidan kwana ya samo asali, haka ma al'adar gajeriyar magana ta kafin barci da ake yi a gidajen Don Bosko har yau. Akwai ranar da yara suka tattake mata lambu wajen wasa, ta gaji ta ce za ta koma ƙauye. Ɗanta bai ce komai ba, ya nuna mata gicciyen da ke jikin bango. Ta sake ɗaura ɗamara.

Don Bosko bai raba ruhun yaro da cikinsa ba. Yakan bi yaransa wurin aiki, ya sa iyayen gidansu su sa hannu a yarjejeniya. Akwai irin wannan takarda ta 1852 da aka ajiye har yau: maigida zai koya wa yaro sana'ar da aka ambata kaɗai, ba zai doke shi ba, zai ba shi hutu ranakun sujada, lada kuma zai riƙa ƙaruwa. Daga 1853 ya buɗe nasa wuraren koyon sana'a, ya fara da ɗinkin takalma da na tufafi, shi ne ma malamin farko. Daga baya aka ƙara haɗa littattafai, kafinta, ɗab'i da ƙira. Da annobar kwalara ta faɗa wa Turin a 1854, manyan yaransa da dama suka ba da kansu jinyar marasa lafiya. Waɗanda dā ake gudu a titi, su ne suka shiga gidajen da kowa yake gudu.

Duwatsun murhu uku

Sai a 1877 ya rubuta hanyarsa a wata 'yar takarda mai shafuka kaɗan. Ya ce hanyoyin tarbiyya biyu ne. Ta farko ita ce a kafa doka, a koma gefe a jira wanda zai karya ta, a hukunta shi. Wannan tana da sauƙi ga malami, tana iya hana hargitsi, amma da wuya ta gyara zuciya, yaro kuwa yakan daɗe bai manta da zafin horon da aka yi masa ba. Ta biyu ita ce ya kira hanyar rigakafi: malami ya kasance tare da yara kamar uba, yana ja musu gora yana tuna musu, har damar yin laifin ta ragu. Mu ma mun san rigakafi ya fi magani. Ya ɗora hanyar a kan abubuwa uku, kamar tukunya a kan duwatsun murhu.

Na farko shi ne hankali. Dokoki su zama kaɗan, a bayyana dalilinsu yadda yaro zai gane. Ya lura cewa yawancin laifin yara mantuwa ce da rawar kai, kalma guda a kan kari takan isa.

Na biyu shi ne addini. A wurinsa tarbiyya ba ta tsayuwa in ba tsoron Allah. Ya ɗauki sujada, furta zunubi da karɓar Jibin Ubangiji a matsayin ginshiƙan makaranta, ya kuma so a bar yaro ya kusanci teburin Ubangiji da zarar ya fahimci ma'anarsa. Amma ya hana a tilasta wa yara. A ƙarfafa su, a ba su zarafi, a nuna musu daɗin abin. Addu'o'i gajeru ne, wa'azi cike da labarai, ga waƙa da kiɗa da wasan kwaikwayo da tafiye-tafiye a ƙafa.

Na uku shi ne ƙauna wadda yaro yake iya gani. Saboda haka filin wasa ya zame masa aji na biyu. Yakan yi tsere da yara, a cikin wasan kuma ya raɗa wa wani 'yar kalma a kunne wadda ta dace da halin da yake ciki. Ya haramta duka kowane iri, da jan kunne, da sa yaro durƙuso mai zafi. Gyara a keɓe ake yinsa, bayan fushi ya huce. Ga yaron da ya san ana ƙaunarsa, in malami ya ɗan janye fara'arsa, wannan ma horo ne da ya isa.

Kada a ɗauka sakaci ne. Bai yarda a bar yara su kaɗai ba aikin yi ba, wanda kuma ya nace wa lalata 'yan'uwansa yakan sallame shi. Shi da kansa ya yarda cewa hanyar ta fi wa malami wuya, domin tana cin lokacinsa duka. Manufarsa kuwa ita ce yaro ya zama Kirista na gaske kuma ɗan ƙasa mai gaskiya.

Yara biyu, hanya ɗaya

Dominik Savio ya zo Valdoko a 1854 yana da shekara 12, ɗan maƙeri, mai ibada tun daga gida. Ya so ya riƙa azabtar da jikinsa da azumi da kwana cikin sanyi domin ya zama tsarkakakke. Don Bosko ya hana shi, ya nuna masa cewa tsarkin ɗan makaranta shi ne fara'a, da cika aikinsa na karatu da addu'a, da yi wa abokansa alheri. Wata rana 'yan makaranta biyu suka shirya jifan juna da duwatsu, Dominik ya shiga tsakaninsu riƙe da ɗan gicciye, ya ce su fara da shi. Faɗan ya mutu a nan. Ya rasu a ranar 9 ga Maris, 1857, bai cika shekara 15 ba, aka kuma sa shi cikin waliyyan Ikilisiyar Katolika a 1954.

Mika'ilu Magone kuwa daban ne. Don Bosko ya gamu da shi a 1857 a wata tashar jirgin ƙasa, yana shugabancin gungun yaran titi. Uba ya rasu, makaranta ta gaji da shi. A Valdoko ba wanda ya tsare shi da wa'azi. An haɗa shi da wani yaro natsattse, aka bar shi ya yi wasansa. Bayan 'yan makonni sai ya yi sanyi, domin ya ga abokansa suna da wata salama da shi ba shi da ita. Da ƙafarsa ya je ya buɗe zuciyarsa. Ƙarfin halin da dā yake jan yara zuwa ɓarna da shi, da shi ya koma raba faɗa, har ya rasu a farkon 1859. Don Bosko ya rubuta tarihin su biyun domin sauran yara su ga cewa mai sanyin hali da mai taurin kai duk suna da wuri.

Wasiƙa daga Roma

A ranar 18 ga Disamba, 1859, ya kafa ƙungiyar da ake kira Salesiyan, da sunan Waliyyi Faransis na Sales wanda ya shahara da tawali'u. Kusan dukan waɗanda ya fara da su yaran da ya rena ne, har da Mika'ilu Ruwa wanda ya gaje shi. A 1872, tare da Mariya Mazzarello, ya kafa ƙungiyar sistoci domin 'yan mata. A 1875 ya aika da 'yan mishan na farko zuwa Ajantina. Wahala ba ta rabu da shi ba: bashi kullum, binciken jami'an gwamnati, da saɓani mai ɗaci na shekaru da babban bishop na Turin.

Amma abin da ya fi damunsa a tsufansa daga cikin gida ya fito. A ranar 10 ga Mayu, 1884, ya aika wa mutanensa na Valdoko wasiƙa daga Roma. Makarantar ta girma, malamai suna aiki tuƙuru, amma sun daina shiga filin wasa. Sun zama shugabanni da ake tsoro, yara kuwa sun koma gungu-gungu suna raɗe-raɗe. Ya gargaɗe su cewa ƙaunar da ke ɓoye a zuciyar malami ba ta isa ba, sai yaron da kansa ya san ana ƙaunarsa. In malami ya so abin da yara suke so, su ma za su koyi son abin da yake so, har karatu da horo da addu'a. In sabo ya ɓace, amincewa ta tafi, sai a koma ga doka da hukunci.

Ya rasu da asubar 31 ga Janairu, 1888, yana da shekara 72, ya bar 'yan ƙungiyarsa fiye da 700. Paparoma Piyus na 11, wanda ya taɓa ziyartarsa yana matashin firist, ya sa shi cikin waliyyai a ranar Ista, 1 ga Afrilu, 1934. Bayan shekara ɗari da rasuwarsa, Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya ba shi laƙabin Uba da Malamin Matasa. Almajiransa sun iso Nijeriya a 1982, suka fara aiki a Akure da Ondo.

Abin da ya bar mana

Iyaye da yawa suna kai yaro makarantar mishan da fatan a gyara musu shi, wasu ma har da roƙon malami kada ya tausaya wa bulala. Rayuwar Don Bosko tana sa mu sake tunani. Tarbiyyar da ta shahara da sunansa a ɗakin wata gwauruwa marar ilimin boko ta fara, makarantarsa kuwa ƙoƙari ne na mai da aji ya zama gida. Manzo Bulus ma ya haɗa abu biyu a wasiƙarsa ga Afisawa: a goyi 'ya'ya cikin horon Ubangiji, kada kuma a tsokane su su yi fushi.

Bulala tana aiki muddin mai riƙe da ita yana nan. Wata rana ɗanka zai tafi jami'a ko bariki, inda ba idonka ba na malami. Abin da zai bi shi can shi ne Allahn da ya gani a cikin halinka. Saboda haka, uba, yaushe rabonka da zama ka yi wasa da ɗanka? Malama, kin san abin da ke damun yarinyar nan da ta yi shiru a bayan aji? Don Bosko ya fara da yaro guda wanda wani yake kora da duka. Ubangiji ya buɗe idanunmu mu ga namu, ya kuma ba mu haƙurin tsayawa. Amin.